Gurnanin Tirela a Magamar Jibiya

A Magama, inda tireloli ke jeruwa kafin su tsallaka Ɗan Isa su nufi Maraɗi, akwai gurnanin da har kwanon ɗaki yake kaɗawa. Yawancinsa daga salansa yake fitowa.

Ka yanka salansa gida biyu, ba za ka tarar da komai ba sai ɗakuna da bututu mai huji-huji. Ƙara ta shigo daga injin, ta bugi bango ta juyo, ta yi karo da wadda ke biye da ita, sai su raunana juna. Tsatsa ta huda gefe ɗaya kawai, aikin ya tashi a banza.

Hiram Percy Maxim, Ba'amurken da ya yi rajistar abin rage ƙarar bindiga a 1909, shi ne kuma wanda kamfaninsa ya shahara da ƙera salansar injuna.

Lissafin ƙara ma abin mamaki ne. Tirela biyu masu ƙara iri ɗaya, da desibel 3 kacal na ma'aunin ƙara suka fi guda ɗaya. Sai sun kai goma kunne zai ji kamar an ninka. Shi ya sa mota ɗaya mai fasasshiyar salansa take danne layi guda. Wanda kuwa ke yin awa 8 kullum cikin desibel 85, jinsa na raguwa a hankali, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa. Yaron mota da mai shayin bakin titi nake tausaya wa, don su ke wuni a gindin bututun.

Da daren hunturu ƙara ta fi tafiya nesa: iska mai sanyi na ƙasa, mai ɗumi na sama, sai ta lanƙwaso sautin ya sauka kan gidaje.

Doka fa akwai ta. Tun 2009 Najeriya ke da ƙa'idar kayyade ƙara, a hannun hukumar kare muhalli ta NESREA.

Magama ta taɓa yin tsit, daga Agustan 2019 da aka rufe iyaka zuwa Afrilun 2022, ta kuma sake bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Wannan shirun na yunwa ne, babu mai fatan ya dawo. Motoci su yi ta wucewa, amma direba ya tsaya wajen mai walda a liƙe hujin, a ɗaure mahaɗar da ta saki.