AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Yaya Ake Auna Hasken Da Ido Ba Ya Gani?

Wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe na sakandare daga Kiru ya rubuto mana cewa malaminsu ya ce iskar haidirojin tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, har ma an auna shi. Yake tambaya, yaya za a auna abin da ba a gani? Ga jarrabawa ta matso, ga makarantarsu babu kayan gwaji.

To ɗan samari, mun gode da wasiƙarka. Ka taɓa ganin bakan gizo a kan dam ɗin Tiga bayan an ɗauke ruwa? Ai hasken rana ne ya rabu launi-launi, ja a can gefe. A shekarar 1800, William Herschel a Ingila ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai. Sai ma'aunin ya hau! Wannan ɓoyayyen haske shi ake kira infirared. Shi ne ɗumin da ke dukan fuskarka in ka matsa kusa da garwashi.

Ita kuwa haidirojin, ɗura ta ake yi a bututun gilashi, a sakar mata wutar lantarki har ta haska, sannan a bi da hasken ta wata siririyar kafa, a raba shi. Maimakon cikakken bakan gizo, layuka huɗu kacal ido ke gani. Jan cikinsu tsawon zangonsa nanomita 656 ne, kuma nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Johann Balmer ya fitar da lissafinsu a 1885. A 1908, Bajamushe Friedrich Paschen ya leƙa gaba da ja da na'ura mai jin zafi, ya sami layuka a nanomita 1282 da 1875. Ido kuwa ba ya wuce wajen 700 da ɗoriya.

Me ya jawo haka? Niels Bohr ya yi bayani a 1913. Ɗauki ƙwayar zarrar haidirojin tamkar matakalar bene. Lantarki yakan cilla ilektiron sama, in ya faɗo sai ya saki haske. In ya sauka a mataki na 2, layukan Balmer ke nan. In a mataki na 3 ya tsaya, faɗuwar gajeruwa ce, ƙarfin da ya saki kaɗan ne, sai a sami infirared. Riƙe wannan da kyau saboda jarrabawa.

Waɗannan layuka kamar zanen yatsa suke, da su ake gane haidirojin a taurari. Madubin hangen nesa na James Webb da aka harba a 2021, da infirared yake aiki.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo: auna bakin rimot ɗin talabijin ga kyamarar waya, ka danna. A yawancin wayoyi za ka ga yana walƙiya, alhali idonka bai ga komai ba.

Da fatan ka gamsu. Allah Ya ba da sa'a.