Sauyin edita a mujallar tiyatar ƙwaƙwalwa: Ina ruwan majinyacin Talata Mafara?

A shekarar 2022 ragamar mujallar Neurosurgery, ɗaya daga cikin manyan mujallun likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a duniya, ta koma hannun Farfesa Douglas Kondziolka na Jami'ar New York. Ya gaji Farfesa Nelson Oyesiku, ɗan Najeriya da ya yi karatun likita a Jami'ar Ibadan kafin ya ƙware a Amurka, wanda ya riƙe kujerar babban edita tun 2009. Ƙungiyar CNS ta likitocin wannan fanni a Amurka ce ta kafa mujallar a 1977.

Mai shago a kasuwar Gusau ko ma'aikacin sakatariya zai iya cewa wannan zancen manyan likitoci ne. Sai dai idan aka ɗauko ɗan acaɓa da ya bugu a ka daga Talata Mafara, Bakura ko Maradun aka nufi Sakkwato da shi, abin da za a yi masa da abin da za a guje wa, daga irin waɗannan mujallu aka samo su.

Likita ba ya aika bincikensa a buga kai tsaye. Babban edita ne ke fara dubawa, ya yanke ko ya cancanci a tura wa wasu ƙwararru su tantance, sannan shi ke da ta cewa a ƙarshe. Akasarin abin da ake aika wa manyan mujallu ba ya tsallakewa. Wanda ya tsallake kuwa shi ke shiga littattafan koyarwa da ƙa'idojin jinya, shi kuma ake ƙirga wa malami idan ana maganar ƙarin girma a jami'a.

Shekara da shekaru likitoci na ba wanda ya ji rauni a ka allurar sitiroyid da niyyar rage kumburin ƙwaƙwalwa. A 2004 mujallar Lancet ta buga sakamakon wani gwaji mai suna CRASH da aka yi kan majinyata fiye da 10,000. Cikin mako biyu, kimanin 21 cikin 100 na waɗanda aka ba maganin sun rasu, alhali 18 cikin 100 ne suka rasu a cikin waɗanda ba a ba su ba. Daga nan aka daina ba da shawarar amfani da shi a kan irin wannan rauni.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne na jariran da ruwa ke taruwa a kansu har kan ya yi ta girma. Abin da aka saba shi ne a dasa siririyar roba da ke janye ruwan daga ƙwaƙwalwa zuwa ciki. Robar takan toshe, ko ƙwayar cuta ta shige ta, kuma idan hakan ta faru tilas a koma asibiti cikin gaggawa. Wannan ba wani abu ba ne ga mazaunin birnin da ke da likita kusa, amma ga uwar da ke wani ƙauyen Maradun, inda ga kuɗin mota ga fargabar hanya, magana ce ta rai da mutuwa. Dokta Benjamin Warf, wanda ya yi aiki a garin Mbale na Uganda, ya haɗa dabaru biyu: a buɗe wa ruwan hanya a cikin ƙwaƙwalwa da na'ura mai kyamara, a kuma ƙona wani ɓangare na tsokar da ke samar da shi, ta yadda jarirai da dama ba za su buƙaci robar ba. An buga aikin a Journal of Neurosurgery a 2005, daga baya wasu asibitocin Amurka da Kanada suka ɗauka. Da editan ya ga cewa binciken wani asibitin Afirka bai isa ya shiga shafinsa ba, da labarin ya sha bamban.

A nan ne alƙiblar sabon shugabanci ke da muhimmanci. Kondziolka ya shahara ne a aikin Gamma Knife, na'urar da ke kashe ƙari da haskoki ba tare da an tsaga kai ba, mai tsadar gaske. Fannin edita ba shi ke tsara kowane shafi ba, kamar yadda kasancewar Oyesiku ɗan Najeriya ba ta mayar da mujallar ta Afirka ba. Amma fili ƙayyadadde ne, kuma duk shafin da sabuwar fasaha ta cinye, raunin hatsarin babur da na harsashi da jaririn da aka kawo a makare sun rasa shi.

Sai batun kuɗi. Tsohon tsari shi ne mai karatu ya biya. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shirin Hinari domin sauƙaƙa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Yanzu an karkata ga a bar kowa ya karanta kyauta, marubuci ya biya, sau da yawa dubban daloli kan maƙala guda. Likitan da ke karɓar albashi da naira ya samu damar karatu, amma damar rubutu ta ƙara yi masa nisa, sai fa inda aka yafe masa.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a fannin. Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962. A Arewa kuma Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafa cibiyar wannan tiyata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda ake horar da ƙwararru, ake kuma karɓar majinyata daga Zamfara da Kebbi da maƙwabta.

Duk da haka, ko editan da ya fi kowa adalci ba zai buga abin da ba a rubuta ba. Bincike na tashi ne daga fayil: yaushe aka ji raunin, awa nawa aka yi a hanya, an yi hoton kai ko kuɗi sun gagara, me ya faru bayan wata shida. Rabin farko na wannan bayani a babban asibitin Talata Mafara da ƙananan asibitocin Bakura da Maradun ake fara rubuta shi, a takardar da ake haɗa majinyaci da ita zuwa Sakkwato.