Kafin A Yanke Wa Katin Wayales Hukunci, A Bincika

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba yi wa Windows 10, masu tsofaffin kwamfutoci 'yan tokumbo, irin waɗanda 'yan Arewa mazauna Ikko kan saya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, suka shiga tsaka mai wuya, domin da yawansu ba sa ɗaukar Windows 11. Mafita ɗaya ita ce Linux, watau tsarin nan na kyauta da Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991.

To, sai dai wani lokaci da an gama sa Linux sai wayales ya ɗauke ɗif. Nan take mai kwamfuta kan ɗauka katin da ke kamo intanet ne ya ƙone, ya kwashi kuɗin da zai aika gida ya kai wa mai gyara. Alhali sau da yawa lafiyar katin ƙalau.

Abu na farko shi ne a buɗe allon rubuta umarni a buga rfkill list. Idan ya nuna an toshe katin, a duba ɗan makunnin da ke gefen wasu tsofaffin kwamfutoci, ko maɓallin da ke da hoton eriya ko jirgin sama. Abin dariya ne, amma hannun riga ma kan kashe shi.

Idan ba nan matsalar take ba, sai a buga lspci, zai faɗi kamfanin da ya ƙera katin. A nan ne gizo ke saƙa. Kowane kati yana bukatar direba, wani ɗan shiri da ke yi masa tafinta da Linux. Na Intel da Atheros galibi sukan yi aiki ba gardama. Tsofaffin katunan Broadcom kuwa, irin su BCM4312, suna neman wani shiri na kamfanin wanda sharuɗɗan mallakarsa suka hana a haɗa shi cikin Linux kai tsaye, sai mutum ya sauko da shi da kansa.

Yaya za a sauko da shi alhali babu intanet ɗin? Sai a jona wayar hannu da kebul na USB, a kunna raba data, kwamfuta ta sha daga nan. A Ubuntu akwai wurin da ake kira Additional Drivers wanda kan nemo direban da kansa. Debian kuma, tun fitowarta ta 12 a 2023, tana zuwa da yawancin irin waɗannan shirye-shirye.

Idan duk an yi wannan lspci bai ga katin ba sam, kuma lsusb ma bai gan shi ba, to a kwance murfi a duba ko ya goce daga mazauninsa. Sai bayan nan ne za a fara maganar sayen wani.