Wa Ya Ce Makarantar Koyon Sana'a Ta Daƙiƙai Ce?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin iyaye, kuma ta ishe ni: "Yaron nan kansa ba ya ja, a kai shi tekanikal kawai." Wato a ganinsu, kwalejin fasaha wurin jibge waɗanda boko ya gagara ne.

To, mu tsaya mu duba. Mai wayarin ɗin gida sai ya lissafa nauyin wutar da kowane layi zai ɗauka kafin ya zaɓi kaurin waya. Ya kuskura ya haɗa na'urar sanyaya ɗaki da siririyar waya, za ta yi zafi, robar ta narke, gobara ta tashi cikin dare. Mai haɗa sola sai ya san faranti nawa za su cika batir nawa. Motocin yanzu kuwa, sai bakanike ya jona musu kwamfuta ya karanta abin da ta nuna. Don Allah, wanne daga ciki ne aikin daƙiƙi?

Masu cewa wanda ya shiga tekanikal ya rufe wa kansa ƙofar jami'a ma sun yi kuskure. Bayan shekara 3, ɗalibi yana zana jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992, kuma ana karɓar takardarta wajen neman gurbi a jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha. Hukumar NBTE mai sa ido kan wannan fanni, wadda aka kafa a 1977, hedikwatarta a Kaduna take, a ƙofar gidanmu. Amma je ka wuraren gine-gine a Abuja, ka ga yadda 'yan Togo da Jamhuriyar Benin suka riƙe aikin tayil da silin, samarinmu na zaune a majalisa da kwali a aljihu suna jiran aikin gwamnati. Wannan ba abin kunya ba ne?

Gwamnatoci ma da nasu laifin na barin makarantun su lalace.

Saboda haka iyaye, kafin ku kai yaro, ku taka ku ga makarantar da idonku. Ku shiga ɗakin gwaji, ku ce a tayar da injin walda ko na yankan katako ku ji ƙararsa. Ku tambayi sau nawa ɗalibai ke taɓa kayan aiki a mako, da jarrabawar da suke zanawa. Ku bar yaro ya zaɓi abin da hannunsa ya fi karkata gare shi. Lokacin hutu, ku haɗa shi da amintaccen maigida a gareji ko shago. Ku fara tara kuɗin kayan aiki tun yana aji ɗaya, domin rashin jari ne ke mayar da ƙwararre ɗan zaman kashe wando. 'Ya'ya mata ma kada a tsayar da su a ɗinki da girki kaɗai. Gyaran waya da kwamfuta bai fi ƙarfinsu ba.

Babu maraya sai rago. Allah Ya sa mu gane.