Hawan Dutsen Bagzan A Ƙasar Azbin

Wanda ya tashi a Awe ko wani gari na kwarin Binuwai, inda ƙasa take shimfiɗe kuma damina ke daɗewa, idan aka ce masa hamada, rairayi kawai yake kawowa a ransa. Alhali kuwa a tsakiyar hamadar Sahara akwai manyan duwatsu da mutane ke zaune a kansu, suna noma da kiwo. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan ɗaya daga cikinsu, wato Bagzan, da yadda ake hawansa, da kuma abin da ya haɗa shi da harshen da muke nazari.

Bagzan yana cikin jerin duwatsun da Hausawa ke kira Azbin ko Abzin, Buzaye kuma su ce Ayar, a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar. Yana arewa maso gabas da birnin Agadas, tafiyar fiye da kilomita 100. Siffarsa kamar faifai ne da aka ɗaga sama: gefensa a tsaye, samansa da faɗi, tsawonsa kimanin kilomita 40, faɗinsa kimanin 20. A kansa ne ƙololuwar Idukal-n-Tagas take, mai tsayin mita 2,022, wadda babu wurin da ya kai ta tsayi a duk Nijar. An daɗe ana ba dutsen Girebun, can arewa, wannan matsayi, sai daga baya awo ya nuna bai kai mita 2,000 ba.

Mai niyyar hawa yakan shigo mota daga Agadas zuwa ƙauyukan gindin dutsen, irin su Tabelot. Daga nan sai a nemi ja-gora da jakuna. Ja-gora dole ne, domin turbar tana bi ne ta tsagin dutse da tsakanin manyan ƙwanƙwalai, ga rassa da yawa, kuma ɗan gari ne kaɗai ya san inda idon ruwa yake. Jakuna su ɗauki ruwa da guzuri da barguna, mutum kuwa ya taka da ƙafarsa. Akan tashi da sassafe bayan sallar asuba, a yi nisa kafin rana ta buɗe, a yada zango a inuwa idan ta take, sannan a ci gaba bayan la'asar. Hawa zuwa saman faifan yakan ci sa'o'i masu yawa, kaiwa ƙololuwa kuwa a komo yakan ɗauki kwanaki.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A bazara zafi ba ya bari. A damina kuma, wadda ke faɗowa galibi a Yuli da Agusta, haɗarin na ƙoramu ne: sai a yi ruwa can wani wuri da matafiyi bai gani ba, busasshen rafin da ya kwanta a ciki ya cika nan take. Shi ya sa mutanen wurin ba sa kwana a cikin rafi a wannan lokaci, komai laushin rairayinsa. Sanyin ma ba abin wasa ba ne. Iska tana rage zafi da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau, ga shi Agadas tana kan mita 500 ne ko kusa da haka. Ke nan ƙololuwar ta fi birnin sanyi da wajen digiri 9, har ruwa kan daskare da dare a tsakiyar hunturu. Baƙo ya zo da tunanin ƙishirwa, sai ya tarar bargo ne ya fi damunsa.

Idan aka kai sama, abin mamaki na farko shi ne ƙauyuka da lambuna. Mutanen wurin, Kel Bagzan, suna noman tafarnuwa da albasa da dankalin Turawa da alkama. A al'adance da raƙumi ko sa ake jan guga daga rijiya, ko da yake injin ban-ruwa ya shigo. Daga bakin faifan kuwa, ido zai ga baƙaƙen duwatsu jere har iyakar gani, ƙoramu na ratsa su kamar zare, kowace da ɗan koren layi na goruba da lambu. Ta gabas ƙasar tana gangarewa zuwa Tenere, tekun rairayin da ayarin gishiri ke ƙetarawa.

A nan ne nake ganin masu yawon buɗe ido kan kasa fahimtar wurin. Turbar da baƙo ke bi don ya ga shimfiɗar ƙasa ya ɗauki hoto, shekaru aru-aru ita ce hanyar abincin mutanen dutsen. Ta nan buhun tafarnuwa ke sauka a bayan jaki, ta nan gero ke hawa. Geron nan kuwa daga kudu yake zuwa, daga Damargu da Damagaram da ƙasar Kano. Buzayen Kel Ewe na wannan yanki sukan tashi da raƙuma wajen watan Oktoba su nufi Fashi da Bilma, su sayo gishiri da dabino, sannan su gangaro ƙasar Hausa su musanya da hatsi da tufafi. Mutumin Awe ya san wannan sana'a ta wata fuskar, domin shi ma gishirin garinsu, wanda mata ke tacewa daga ƙasa su dafa, shi ne ya jawo fatake zuwa can. Kasuwannin Hausa sun ci gishirin kudu da na arewa, sai dai na Bilma, wanda ake ce wa balma, a kantu yake zuwa.

Ɗalibin harshe zai tsinci abubuwa da dama a wannan hanya. Ƙamusun Hausa sun kawo kalmar bagazam a matsayin sunan wani irin doki mai daraja daga Azbin, kuma sunan dutsen nan ne ya koma haka a bakin Bahaushe. Akwai masu ganin cewa kalmar ayari ma daga Ayar ta samo asali, wato tawagar da ta fito daga can. Aron bai tsaya gefe ɗaya ba, domin Buzaye su ma madugu suke kiran shugaban ayari. Tarihin baka na Gobirawa yana cewa a Azbin suka zauna kafin su yi kudu. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar a 1850 ya kuma bi ayarin gishiri zuwa kudu har ya isa Kano a 1851, ya lura da yadda Hausa ta zauna a bakin Kel Ewe. Har yau Hausa ce harshen kasuwa a Agadas, da karinta na daban, wanda ya cancanci ɗalibanmu su yi masa kundin digiri.

Sai dai zuwa can ya yi wuya. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya gandun Ayar da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya, a 1992 kuma ta mayar da shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen Buzaye da ya ɓarke a 1990. An yi sulhu a 1995, baƙi suka fara dawowa, sai wani tawayen ya tashi daga 2007 zuwa 2009, aka kuma sace ma'aikata 'yan ƙasashen waje a Arlit a 2010. Tun daga nan sana'ar ja-gora ta durƙushe, matasa da dama suka koma lambu ko haƙar zinariya. Duk wanda ke da niyyar zuwa, sai ya fara tuntuɓar hukuma a Agadas a kan halin tsaro, ya kuma nemi ja-gora ɗan asalin dutsen tun kafin ya bar gari.