Kiwon mesa: cutar tana cikin kashinta

A ƙasashen Togo, Benin da Gana akwai gidajen da ake kiwon wata ƙaramar mesa. Tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma ba ta da dafi. In ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo. Mafarauta suna haƙo matan daga rami tare da ƙwansu, su kai gidajen kiwo. In ƙwai ya ƙyanƙyashe, sai a aika da ƴaƴan zuwa Turai da Amurka. Can mutane ke ajiye su cikin ɗaki kamar yadda muke ajiye kyanwa.

Wannan kiwo yana da wuya. Jikin maciji ba ya yin ɗumi da kansa, zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa. In sanyi ya kama shi, sai ya ƙi abinci, ya riƙa buɗe baki yana lumfashi, majina tana fita. In aka cunkusa macizai wuri ɗaya, kaska da wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe suna shiga ƙarƙashin ɓawon fatarsu suna shan jini. Ƙwan mesa kuwa yana ɗaukar kusan kwana 60 kafin ya ƙyanƙyashe. Yana son ɗumi da laima. Bushewa tana kashe shi.

Amma babbar magana ita ce lafiyar mai kiwon da iyalinsa. Cikin hanjin macizai da yawa akwai ƙwayar cuta mai suna salmonela. Macijin ba ya nuna alamar ciwo, lafiyarsa lau. Ƙwayar tana fita cikin kashinsa, ta manne a jikinsa, a akwatinsa, a kwanon ruwansa. Mutum ya taɓa, ya ci tuwo bai wanke hannu ba, shi ke nan ta shiga cikinsa. Tsakanin awa 6 da kwana 6 sai zawo, zazzaɓi da ciwon ciki su taso. Babban mutum yakan warke cikin mako guda. Yaro ƙasa da shekara 5, tsoho da mace mai ciki su ne abin ji, domin cutar tana iya shiga jini.

Ƴan'uwa masu karatu, kada mu ce wannan zancen ƴan kudu ne. A kasuwanninmu muna ganin gardawa suna wasa da macizai, wani ma har ya rataya wa yaro a wuya. Ko da gardi ya ce ya cire haƙori, bai cire abin da ke cikin hanji ba.

Wanda ya taɓa maciji ko akwatinsa, ya wanke hannu da sabuni nan take. Kada a wanke kwanon maciji inda ake wanke kwanukan abinci. A yi masa wanki a waje, da ruwan jabel, a zubar nesa da rijiya. Masu cin naman mesa su dafa shi ƙwarai, domin akwai wata tsutsa cikin huhunta da ke kama mutum.

In zawo ya kama yaro, a jiƙa masa garin gishiri da sukari na likita cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ya riƙa sha kaɗan-kaɗan. In akwai jini cikin zawon, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, a kai shi likita ranar nan. A faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa ya taɓa maciji.