Ladi, Rahila Da Godiya: Daga Ina Sunayen 'Ya'yanmu Mata Suka Fito?

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ƙungiyar manoma ko na zumuntar mata a Kakuri, ko Narayi, ko Sabon Tasha, ko Unguwan Romi, ya san irin sunayen da ke ciki. Ga Ladi da Asabe, ga Saratu da Rifkatu, ga Godiya da Alheri, ga kuma Blessing da Comfort. Sau da yawa a gida guda ake samunsu: kaka Laraba, uwa Hannatu, jika Grace. Da wuya a tarar da wanda ya tsaya ya tambayi ma'anarsu. Amma kowane ɗaya yana da inda ya fito, kuma ya kamata iyaye su sani kafin ranar suna ta zo.

Wannan gauraya tana da dalili. Bayan da aka mai da Kaduna hedkwatar Arewa a 1917, musamman kuma bayan da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957, mutane suka yi ta zuwa ƙetaren kogi neman aiki. Bajju, da Atyap, da Ham, da Adara, da sauran kabilu masu yawa suka zo suka tarar da Gbagyi a ƙasarsu. Harshen da ya haɗa su a kasuwa da majami'a shi ne Hausa. Saboda haka da Hausa aka raɗa wa yawancin 'ya'yan da aka haifa a nan suna.

Mafi sauƙin ganewa su ne sunayen rana. Wadda aka haifa ran Lahadi ita ce Ladi. Ta Litinin Tani ko Altine, ta Talata Talatu, ta Laraba kuwa Laraba ko Larai ko Balaraba. Lami ta Alhamis ce, Jummai ta Jumma'a, Asabe ta Asabar. Sunayen ranakun kansu daga Larabci Hausa ta aro su, kuma biyar daga cikinsu ƙidaya ce kawai: Lahadi rana ta ɗaya, Litinin ta biyu, har zuwa Alhamis ta biyar. Jumma'a ma'anarta taruwa. Asabar kuwa tushenta ɗaya da kalmar Ibrananci ta ranar hutu, watau Asabaci. Don haka duk Asaben da ke tashi da asuba ta tafi gona, sunan hutu take ɗauke da shi. Ba mu kaɗai muke yin wannan ba. Mutanen Akan na ƙasar Gana suna kiran ta Lahadi Akosua, ta Asabar kuma Ama.

Kada a raina waɗannan sunaye. A zamanin da babu takardar haihuwa, su ne takardar. Idan aka ce da yarinya Marka, an san a tsakiyar damina aka haife ta, lokacin da ruwa ba ya ɗaukewa. Tanoma ta zo ana cikin noma, kamar yadda ake ce wa namiji Nomau. Kande ko Delu ita ce macen da ta biyo bayan maza. Auta ta rufe ƙofa. Tsohuwa za ta iya lissafa shekarun jikokinta da damina da kaka ba tare da ta duba komai ba.

Akwai waɗanda ke da nauyi a zuciya. Ajuji, watau a kan juji. Ayashe, watau a yar da ita. Baƙo zai ji ya ce wace irin uwa ce za ta kira 'yarta haka? Uwa ce wadda ta binne biyu ko uku, irin abin da Hausawa ke kira wabi. Sai ta nuna kamar ba ta damu da wannan ba, ko mutuwa za ta raina ta ta wuce. Yau mun san abin da ya kwashe yawancin yaran nan: ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro, da gudawa ta ruwa marar tsabta. Inda ake kai yara allurar rigakafi, ana kwana cikin gidan sauro, ana kuma kula da rijiya, ba a cika bukatar sunan Ajuji ba. Idan akwai tsohuwa mai wannan suna a ƙungiyarku, ku sani mahaifiyarta ta sha kuka kafin ta same ta.

Sa'an nan sai sunayen Littafi Mai Tsarki. An buga cikakkensa da Hausa a 1932, bayan aikin shekaru masu yawa wanda Likita Walter Miller na Zariya da Wusasa yana cikin manyan masu yinsa. Masu fassara suka ɗauki siffar sunayen da Hausawa suka riga suka saba da ita ta wajen Larabci. Shi ya sa muke da "tu" a ƙarshen Saratu, da Hannatu, da Rifkatu: alamar mace ce a Larabci. Shi ya sa kuma za ka tarar da Saratu, da Maryamu, da Hauwa'u a gidajen Kirista da na Musulmi duka.

Abin da zai ba manomi sha'awa shi ne, da yawa cikin sunayen nan daga garke da gona suka fito. Rahila a Ibrananci tunkiya ce, ita ma Rahila ɗin kiwon tumakin mahaifinta take yi sa'ad da Yakubu ya fara ganinta. Debora kudan zuma ce. Tamar itacen dabino. Tabita barewa ce da harshen Aramiya, Dokas kuma ita ce barewar da Helenanci, mace ɗaya suna biyu. Mutanen da suka fara raɗa sunayen nan makiyaya ne da manoma irinmu, abin da suke gani da daraja shi suke sa wa 'ya'yansu. Saratu ma'anarta gimbiya. Na'omi mai daɗi, amma da ta rasa miji da 'ya'ya biyu ta ce a kira ta Mara, watau ɗaci. Ashe su ma sun san suna yana iya ɗaukar baƙin cikin gida, kamar Ajuji.

Ga wani abin lura. Hannatu ma'anarta alheri. To, gidan da ke da Hannatu, da Alheri, da Grace, suna ɗaya ne suka raɗa sau uku da harsuna uku. Haka Rahama da Mercy, Murna da Joy, Haƙuri da Patience, Albarka da Blessing. Godiya ma tana da 'yar'uwa a harshen Atyap, watau Zigwai, ma'ana mun gode. Gbagyi suna da sunaye masu farawa da Shekwo, kamar Shekwolo da Shekwoyemi, Shekwo kuwa Allah ne a harshensu. Bajju su ma suna gina sunaye a kan Kazah, sunan Allah a nasu harshe. Ba sai da Turanci ya zo iyayenmu suka iya gode wa Mahalicci da sunan 'ya ba.

A nan ne nake da magana. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002, garin Kaduna ya rabu, Kirista suka fi yawa a kudancin kogi, Musulmi a arewa. A kwanakin nan masu zafi suna ya zama abin tsoro, gama da shi ake gane mutum a hanya. Ba abin mamaki ba ne idan waɗansu iyaye suka fara gudun Ladi da Talatu, suna cewa na waɗancan ne, suka koma ga na Turanci. Ba na ganin laifin mai tsoro. Amma Lami ba ta da addini, ranar Alhamis ce kawai, kuma Alhamis tana wayewa a Barnawa kamar yadda take wayewa a Unguwan Rimi. Sunayen nan suna cikin 'yan abubuwan da suka rage mana tare da maƙwabtanmu na ƙetare. Wanda ya fi ban tausayi ma shi ne sunan harshen gida. Yarinyar da aka haifa a Gonin Gora, ba ta jin Jju ko Tyap, idan ba a sa mata ko suna ɗaya na kakanninta ba, me zai tuna mata inda ta fito? Ba a hana kowa Blessing ba. A haɗa mata da na gida.

Sai dai yawan suna yana da tasa wahala, kuma sakatarorin ƙungiyoyi sun san ta. Mace guda, Ladi a gida, Rifkatu a katin baftisma, Rebecca a takardar makaranta. Idan kuma sunan kakarta aka mayar mata, saboda kunya sai a riƙa ce mata Mama ko Ummi, har ainihin sunan ya ɓace. Dā wannan ba ya hana komai. Amma tun da aka kawo lambar BVN ta banki a 2014, ga kuma lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, harafi ɗaya idan ya bambanta sai a tsai da takardar mutum. Mace ta biya kuɗin ƙungiya shekara da shekaru, lokacin rancen taki ya zo, a ce sunan da ke littafi ba shi ne na banki ba. Kafin a gama rantsuwa a kotu a gyara, an gama shuka.

Don haka ranar suna, bayan addu'a da cin tuwo, a sa wani mai kyakkyawan rubutu ya rubuta sunayen yarinyar duka, bi da bi, yadda iyaye suke so. A kai wannan takarda wurin ma'aikatan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a karɓi shaidar haihuwa. Yadda aka rubuta a can, haka za a rubuta a majami'a, da asibiti, da makaranta. Sakatare kuma ya duba littafin ƙungiya tun da rani, ya gwada sunan kowace mace da na katinta, kafin ruwa ya sauka.